Parabol a Soron Baba Sidi

Iskar da ke gaba da ruwa ta fara kaɗawa a Agadas tun makon jiya, kuma duk mai sana'a irin tawa ya san abin da ke biye da ita. Hadari zai taso daga gabas, ya yi baƙi kamar da gaske, ya kwashe shanyar mata, ya juya kan kowane parabol da ke garin, wato farantin nan mai kamo hoton talabijin daga tauraron ɗan'adam, sannan ya wuce bai zubar da ko ɗigo ba. Washegari waya ta hana ka sakat. Kowa tele ɗinsa ta mutu, kowa kuma nasa ne na gaggawa. Da can ina murna da wannan iska, don ita ke ciyar da gidana. Yanzu in na ji ta fara taɓa ƙyauren ɗaki, gwiwoyina ne ke fara amsawa.

Na gaji da hawa, gaskiyar magana ke nan. Tsani ya yi mini tsawo, rana ta yi mini nauyi, ga yaran zamani sun cika gari da ƴar na'urarsu mai kuka da suke ratayawa a wuya. Su hau, ta yi ƙara, su ɗaure, su sauko kafin ka gama gaisawa da mai gida. Ba na jin haushinsu, aikinsu yana kyau. Abu ɗaya ne kawai ke ci mini rai, ba sa kira kafin su hau.

A tsohon gari gidaje a manne suke, soro na dafe da soro. In ka hau ɗaya, tsakar gidan maƙwabta duka tana ƙarƙashin idonka. Shi ya sa magina masu yaɓe suka koya mana tun muna samari cewa ba a taka tsani sai an ɗaga murya an ce, "Gafara dai masu gida, za a hau bisa!" Sai ka jira mata su kimtsa, a ja mayafi, a rufe abin da ke son rufi, har wani ya amsa maka da "A hau lafiya." Ka'ida ta biyu ba a faɗarta da ƙarfi, amma ta fi ta farko nauyi: abin da idonka ya faɗa a kai kana bisa, a can za ka bar shi, ba a saukowa da shi.

Jiya wani saurayi da ya samo zinariya a Jado ya kira ni. Ya sayi wani tsohon gida zai rushe ya yi na zamani, akwai wani ruɓaɓɓen parabol a soron da yake so a sauke masa. Yana cikin kwatance na ce ya bari, na san gidan. Ni na ɗora ƙarfen nan, a wani azumi da ban taɓa mantawa ba, shekaru kusan ashirin da suka wuce.

A shekarar azumi ya faɗo cikin damina, daminar kuwa ta ƙi. Daji ba lafiya, hanyoyi sun zama abin tsoro, turawa masu zuwa kallon hamada suka ɗauke ƙafa gaba ɗaya. Wanda bai zauna Agadas ba ba zai gane yawan bakin da ke ci daga waɗannan baƙi ba. Maƙerin azurfa, baduku, direba, mai dafa musu abinci a daji, mai nuna hanya, har mai wanke musu mota, duk aka wayi gari ana kallon juna. Maƙera suka riƙa goge kayan da ba mai saye, su jera da safe su kwashe da yamma. Hatsi kuma daga kudu yake zo mana, da motoci suka ragu sai tiya ta yi tsadar da in ka tambaya sau ɗaya ba ka sake tambaya.

Abin mamaki, ni aiki bai yanke mini ba. Mutum in ya rasa abin yi, hankalinsa kuma bai kwanta ba, labari yake nema. Masu ɗan hali suka riƙa sa parabol don su ji abin da duniya ke faɗa a kanmu. Ba wadata muka yi ba, amma tukunyarmu ba ta yini a kife ba.

Ranar takan fara da jiran ruwa. Pompo ba ya kawowa sai gab da sahur, siriri kamar zare, matata Mariyama ta jera masa duk abin da ke riƙe ruwa a gidan, har butar shayi. Sahur ɗin kunu ne, ko fura da aka tsinka har kana hango gindin ƙwarya, da dabino in an samu. Ana sallame asuba nake saɓa tsani, don ƙarfe ba ya jiran kowa. Kafin hantsi ya yi ƙarfi kana iya riƙe shi da hannu, bayan nan sai ka naɗe kile, wato sifana, da tsumma kafin ka murɗa komai, in ba haka ba ya ɗauke maka fatar tafi. Zafin damina marar ruwa daban yake da na bazara. Na bazara busasshe ne, ya ƙona ka ya bar ka. Wannan kuwa mai nauyi ne, gumi ya fito ya ƙi bushewa, riga ta manne a baya, tun kafin azahar harshe ya zama kamar guntun fata a baki. Da rana ta take kuran, wutar lantarki ke nan, yakan ɗauke, aiki ya tsaya dole, tunda ba a saiti babu tele. Sai mu koma gida, Mariyama ta jiƙa zane ta rataya a ƙofa, mu kwanta a ƙasa ba mai magana. Da la'asar hadari ya haɗu, kowa ya fito yana kallon gabas, a ji ƙanshin ruwan da ya sauka wani wuri can cikin duwatsu. Sai iska ta zo ta watsa shi. Haka kullum, har mutane suka daina ɗaga kai.

Na ce "mu" don ni da Mariyama muke aikin. Parabol na wancan lokaci ba irin ƴan farantan yanzu ba ne. Na raga ne, faɗinsa ya kai rabin ɗaki, gunduwa-gunduwa ake kawo shi a haɗa. Soron ƙasa ba a huda shi, in ka huda ka gayyato yoyo, don haka sai a raba tano, wato duron ƙarfe, gida biyu, a kafa sandar ƙarfe a cikin rabin, a cika da siman da duwatsu, a zaunar da shi daidai inda bango ya ɗauki azara. Wannan duk ƙarfi ne kawai. Wahalar tana wajen saiti. Ka juya shi gabas ko yamma, ka ɗaga ko ka sunkuyar, ka murɗa tet, wato ɗan kan nan da ke tsaye a tsakiya yana karɓar abin da faranti ya tara. Kuskuren faɗin yatsa ya isa ya raba ka da hoto. Kai kana bisa, tele kuma tana can ɗakin matan gida inda baƙon namiji ba ya shiga. Shi ya sa Mariyama ke shiga ta zauna gabanta ta zama idona.

Da farko da baki take kira: ya zo, ya tafi, koma kaɗan. Da azumi ya yi nisa murya ta ƙi fita, sai ta ɗauki farantin ƙarfe da cokali. Bugu ɗaya, ci gaba. Biyu, ka wuce, dawo. In ta yi ta kaɗawa ba tsayawa, to hoto ya zauna, in ɗaure. Matan unguwa suka riƙa tsokanarta wai ita kaɗai ce mace a Agadas da ke juya mijinta da cokali kowa na ji. Ba ta taɓa musawa ba.

Da magariba mazan layinmu kan shimfiɗa tabarmi a ƙofar Alhaji Mamman, mai fataucin dabino da gishirin Bilma, kowa a fito masa da kwano daga gidansa a haɗa a yi ciyayya. A shekarar kwanukan sun yi ta ƙanƙancewa, miya ta yi ta tsinkewa, amma ba mai duba na wani. Mutum ɗaya ne ya daina fitowa, Baba Sidi, wanda bangon gidansa ke haɗe da na Alhaji. Ya aiko cewa ciki ke damunsa, haɗe-haɗen abinci ba ya karɓarsa.

Baba Sidi madugu ne tun zamanin da ake zuwa Bilma da raƙuma. Da raƙuma suka ja baya ya koma gaban mota, yana nuna wa direbobin turawa hanya a inda ni da kai ba za mu ga komai ba sai rairayi. Dogo ne, marar yawan magana, rawaninsa kullum a wanke ko da riga ta tsufa. Shi bayarwa ya saba. Babu gidan da bai taɓa cin dabinon tsarabarsa ba a layin nan. Gidansa daga shi sai matarsa Inna Tima, sai jikoki biyu ƙanana da ɗansu ya bar musu ya tafi Libiya, daga nan shiru. A farkon azumin Alhaji ya aika masa da buhun shinkafa. Kafin la'asar buhun ya dawo, da godiya mai yawa, da wata kyakkyawar jakar fata a kansa, kyauta ga Alhaji. Tun daga nan ba wanda ya sake gwadawa.

Ana cikin goman tsakiya Alhaji ya kira ni. An kawo masa babban parabol, yana so kafin goman ƙarshe ya riƙa kallon sallar Makka a ɗakinsa. Tun a ƙasa muka fara jayayya, don ya dage sai an fuskantar da abin alƙibla.

"Alhaji, ba daga Makka hoton ke tahowa kai tsaye ba," na ce masa. "Tauraron yana nan kudu maso gabas, can bisa."

"To, kai ka sani. Amma abu na Makka ya kauce ma alƙibla, ni dai ban taɓa ji ba."

Ranar saiti na kafa tsani da hantsi, na yi kira kamar yadda aka saba. Sai dai muryar mai azumi ce, ga kuma daka ana yi a wani gida kusa. Daga gidajen hagu aka amsa. Daga na Baba Sidi ban ji komai ba, na ɗauka amsar ta ɓace cikin ƙarar turmi. Na ɗan jira, na hau.

Ban leƙa ba. Amma tanon yana gefen da bango ya haɗa gidajen biyu, kuma mai saiti dole ya zagaya bayan faranti. Ina zagayawa idona ya faɗa.

Tsakar gidan a share take tas, sharar gidan da ba shi da sauran abin da zai ɓata wuri. Turken awaki babu akuya ko ɗaya, igiyoyin na nan a ɗaure. A ƙarƙashin rumfa, inda na san babban gadon katako na Inna Tima tun ina yaro, sai ramukan ƙafafunsa a ƙasa. Kyanwa na kwance cikin tokar murhu tana barci, alamar murhun ya kwana biyu bai ga wuta ba. Inna Tima ce ke dakan, ta ba ni baya. Abin da ke cikin turmin ba hatsi ba ne, ɓawon goriba ne, jikokin na tsugune gefe suna jiran ta tankaɗe musu garin. Na ɗauke kai da sauri, amma na makara. Baba Sidi na zaune a inuwar bango da tasbaha, kansa a ɗage, yana kallona. Ya ja rawani ya rufe fuska har ƙasan ido, ni kuma na juya na kama ƙarfen babu tsumma, ban ma ji zafinsa ba sai daga baya.

Na daɗe a sana'ar, hannuna ya san inda tauraron yake. Ina juyawa na ji farantin Mariyama ya fara kaɗawa, hoto ya zo. Ban tsaya ba, na wuce. Ta buga biyu. Na dawo, na sake wucewa ta ɗaya gefen. A lokacin ban san me nake nufi ba. Abin da na sani kawai, in na ɗaure na sauka, na gama da soron ke nan, kuma abin da na gani zai zauna mini a wuya ni kaɗai. Haka muka yi ta yi har kuran ya ɗauke. Na ce wa Alhaji sai gobe.

Muka koma gida ni da Mariyama. Sai da muka kwanta a ƙasa, zanen da ta jiƙa na ɗiga a ƙofa, ta yi magana ba tare da ta juyo ba.

"Baban Zara, yau hannunka ya yi mantuwa."

"Iska ce."

"Babu iska da hantsi." Ta juyo ta dube ni. "Mi ka gani bisa?"

"Kin san ba a saukowa da shi."

"Ban ce ka faɗa ba. Ni ma ban ce na ji komi ba. Amma da daka na tashi, na san ƙarar hatsi cikin turmi, na san wadda ba tashi ba. Duk matan layin ga sun sani. Ta inda za mu shiga ne muka rasa."

Wannan magana ta fi ranar gajiyar da ni. Ashe kowa na ɗauke da abin, kowa ya yi shiru don kunya, yara biyu kuma na cin ɓawon goriba a tsakiyarmu. Na kwanta ina kallon azara. Baba Sidi ba zai karɓi sadaka ba ko da zai mutu, kuma yadda na ga wuyansa ya tsotse, abin ba nisa ya yi ba. Amma mutumin da ya ƙare rayuwarsa yana ba da hayar raƙumi da hayar idonsa ba zai ga aibin haya ba. Abin da ya rage masa wanda wani zai iya buƙata shi ne soronsa.

Washegari na sake cinye hantsi ina wuce tauraron, matar Alhaji na ganin Ka'aba ta bayyana ta ɓace, har ta fara tambayar Mariyama ko babu wani mai parabol a garin. Na sauko na sami Alhaji a zaure. Mai azumi ne ni, don haka na zaɓi kalmomina yadda ba za su zama ƙarya ba.

"Alhaji, inda ya dace da parabol ɗin nan soron Baba Sidi ne. Sai a jawo fil, wayar hoton, ta bisa bango."

Alhaji ya fito tsakar gida ya ɗaga kai. Sama a buɗe take, ko reshe babu tsakaninsa da ita. Ya dubi bangon maƙwabcinsa, ya dube ni, ya daɗe yana shafa gemu.

"Soron mutum ba a hawa mishi kyauta," in ji shi. "Abu mai nauyi haka, ga ɓata yaɓe. Sai da haya."

"Haka ne, Alhaji."

"Kuma ni wanga lokaci hannuna a bushe yake, kaya duk sun tsaya. Sai dai hatsi, duk wata, da ɗan mai da sukari. Ka ce mishi ya yi haƙuri da ni, ya taimake ni."

Bayan la'asar na yi sallama a zauren Baba Sidi. Tun ranar ban yarda mun haɗa ido ba, ko a masallaci. Ya shimfiɗa mini buzu, muka yi gaisuwa mai tsawo, ya tambayi Mariyama da ƴarmu Zara da aiki da zafi. Sannan na kawo maganar, ina ta zuba bayanin tet da fil da nauyin tano, na yi yawa har ni kaina na ji. Ya bar ni na gama.

"Bashiru," ya ce, "na bi taurari tun ba a raɗa maka suna ba. Daga nan har Bilma ban ga wanda ke fitowa a soron wani ya ƙi na maƙwabcinshi ba. Naku na zamani ne mai zaɓe."

Na sunkuyar da kai. Na tabbata ya ƙi ke nan, kuma na ƙara masa ciwo a kan wanda yake da shi. Daga ciki ƙaramin jikan ya fara kuka, kuka marar ƙarfi, Inna Tima na rarrashinsa ƙasa-ƙasa. Baba Sidi ya saurara har yaron ya yi shiru. Tasbahar ta tsaya a hannunsa.

"A soron ga nike kwana tun da na bar daji. Ɗaki ba ya ɗaukata."

"Gefe ɗaya kawai zai ci, Baba."

"Zai rufe mini gabas." Ya ɗago ya dube ni. "Ran nan ka yi kira?"

"Na yi, Baba."

"Na ji ka. Ita ce ba ta ji ba, ni kuma na rasa ƙarfin da zan tashi in taɓa ta." Ya gyara rawani. "Ka ce ma Alhaji na ba shi. Ba zan hana maƙwabcina kallon Makka ba. Gobe ka hau. Kuma ba sai ka wahal da maƙogwaronka da kira ba, ɗana. Ba abin da ya rage a gidan ga da ba ka gani ba."

Na fito daga zauren da abin da na je nema, amma ban taɓa jin baƙin ciki irin na ranar ba. Ban sani ba ko taimakonsa na yi ko ƙarasa shi.

Da sassafe na jingina tsani a bangonsa na tsaya. Jiya ya ce mini ba sai na kira ba. Na cika ƙirji na yi kiran da ban taɓa yin irinsa ba, har muryata ta tsage, har aka leƙo daga ƙarshen layi.

"Gafara dai masu gida, za a hau bisa!"

Shiru. Na sake. Na tsaya riƙe da tsani, rana na hawa bayana, na ƙudurta ko zan kai azahar a nan ba zan taka ba sai an amsa. Can na ji motsi a ciki, ana jan wani abu, ana kife wani abu, irin motsin gidan da ke da abin kimtsawa. Sai muryar Baba Sidi da kansa, a natse.

"Dakata tukuna, iyali ba su shirya ba."

Na dakata. An jima ya ce, "To, a hau lafiya."

Tanon Alhaji ya riga ya daskare, sai maza da yawa za su iya tsallakar da shi, ni kuwa ban so wani ido ya hau soron nan bayan nawa. Don haka na kwance parabol ɗin gunduwa-gunduwa, na yanki sabon tano, Mariyama na ƙasa tana ɗaura mini guga a igiya ina ja, siman da dutse da ruwan da muka rage daga na shan gidanmu. Igiyar ta sale mini tafi a daidai inda ƙarfe ya ƙona. Da siman ya kama na koma saiti, juyi ɗaya hoto ya zauna. Mariyama ta yi ta kaɗa faranti har matar Alhaji ta ƙwace cokalin.

Kafin goman ƙarshe ya yi nisa Baba Sidi ya fito ciyayya, kwanon tuwo a hannunsa, ya ce cikin ya yi sauƙi. Aka matsa masa a tabarma ba wanda ya yi wata magana. Yana zama ya fara yi wa Alhaji ƙorafin cewa ƙarfensa ya tare masa taurari, dare ya yi bai san ina aka kwana ba. Alhaji ya ba shi haƙuri da gaske, kamar mai laifi.

Ruwa bai zo ba sai bayan Salla, ya zo duka lokaci guda, ya cika kwari ya ci bangaye, ya wuce ya bar mu da yaɓe. Ni na riƙa gyara na soron Baba Sidi duk shekara, tunda ƙarfena ne a kai. Daga baya ƙananan faranti suka shigo, Alhaji ya sa na manna masa ɗaya a bangonsa, babban ya mutu a tsaye. Bai ce a sauke ba, ni ma ban tuna masa ba. Buhu ya ci gaba da tsallaka ƙofa duk wata har Allah ya yi wa Baba Sidi rasuwa, ya ci gaba har Inna Tima ta bi shi. Ɗan nasu bai dawo ba. Jikokin sun girma sun koma Damagaram, su suka sayar da gidan. Alhaji ma ya riga mu gidan gaskiya. A cikin waɗanda suka san dalilin ƙarfen nan, daga ni sai Mariyama, ita kuma yanzu kunnenta ya yi nauyi, ko faranti ka buga mata sai ka maimaita.

Yau da safe na je. Zaure babu ƙyaure, rumfar ta zube, parabol ɗin ya yi tsatsa, ragar ta yayyage, tattabaru sun mai da shi nasu. Saurayin na tsaye da waya a kunne, yana so a gama kafin masu rusau su iso. Na jingina tsani a inda na jingina shi wancan karon. Gwiwoyina suka fara ƙorafi tun ban taka ba. Na gyara murya, abin da ya rage daga cikinta, na yi kira.

Ya sauke wayar yana kallona.

"Tsoho, ba kowa ciki fa. Kango ne, ni na saye shi."

"Na sani."

Ya dubi lokaci a wayarsa, na bar shi ya duba. Na tsaya riƙe da tsani gwargwadon abin da tsohuwa za ta ɗauka ta ja mayafi ta kife turmi, sannan na hau.